Idi da Gangaren Gaya

Zabori

Na bar Zabori ranar Asabar, kafin kiran assalatu. Inna ce ta tashe ni. Ta ji a bakin mai tallar kifi cewa ƙanena Idi ya shiga cikin masu tseren keke a Gaya, kuma an riga an binne ɗaya daga cikinsu. Ta ce, “Ka je ka zo mini da shi.” Na ce to.

Ku mutanen gida kun san aikin Idi. Dakon mai yake yi da keke, cikin bido, wato jarka, daga Kamba zuwa Gaya. Ni na koya masa, kafin gwiwata ta mutu na dawo gona. Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka da gadar kogin Gaya, mai kuma ya yi tsada a Najeriya, sai dakon ya tsaya. Tun lokacin bai leƙo gida ba.

Na hau amalanken shanu mai kai gero Junju. Hantsi ya yi muka shiga gari.

Junju zuwa Gaya

Motar kasuwa na samu, cike da buhunan wake da akuyoyi. Aka ba ni wuri a baya, bisa buhu. Mai motar ya ce, “Baba, ka riƙe da kyau, hanyar nan ba ta san girman mutum ba.” Gaskiya ya faɗa.

A shingen Yelu aka sauke mu duka, kowa da katin shaidarsa a hannu. Wani jandarma dogo ya dubi nawa ya dube ni.

“Ina zuwa?”

“Gaya, Shef.”

“Yin me?”

“Ɗauko ƙanena.”

“Ba shi da lafiya ne?”

“Lafiyarsa lau. Shi ya sa nake sauri.”

Ya miƙo mini katin. Daga Malgoru muka hau kwalta. Tun kafin gari muka fara wuce manyan motoci jere a gefen hanya, tayoyi sun sace, direbobi sun shanya wanki a ƙarƙashinsu suna dafa shayi. La'asar ta yi muka sauka Gaya. Fura kawai na sha a tasha.

Gidan Mudi

Na sauka wurin Mudi, abokin dakona na da, yanzu shayi yake sayarwa kusa da bakin ruwa. Shi ya faɗa mini yadda abin yake. Tun da gada ta rufu, kaya a jirgi suke ƙetarowa. Idan an sauke su sai a bi da su lungu-lungu a keke zuwa inda motoci suke. Masu keke sun yi yawa, aikin kaɗan. Sai wani Alhaji mai jirage ya ce duk Lahadi a gangaro daga tudun da aka kafa ƙarfen tarho, a ratsa gari har bakin ruwa. Waɗanda suka riga isowa su ke da dakon wannan mako. Suna kiran abin “gangara”.

Idi ya zo bayan magariba yana tura kekensa. Ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi Inna.

“Ta ce ka zo gida.”

“In ci me, Yaya? Gonar nan ko kai ba ta ƙosar da kai ba.”

“Ka taɓa yin gangarar?”

“Gobe ne farko. Amma tudun nan na san shi. Sau nawa na sauko shi da bidon mai?”

Abin da ya tsorata ni ke nan. Wanda bai yi dako ba ba zai gane ba. Kekenmu ba shi da birki, muna cirewa, don nauyin kaya yana cinye shi. Da diddigen takalmin taya muke danne ƙafar gaba. Idan kuma za ka sha kwana da bidoji ɗaure a baya, man da ke ciki yana jan ka waje, dole ka jefa jikinka ciki da ƙarfi tun kafin kwanar. Ba tunani ake yi ba, jiki ne ya saba. Idi bai taɓa sauko tudun nan da gudu ba sai da kaya.

Na ce, “In ba za ka bi ni ba, ɗaura bido biyu na ruwa a baya.”

Ya yi dariya. “Yaya, tsere ne fa. Kana so a ce ɗan Zabori ya zo sayar da ruwa?”

Mudi ya ce, “Ka ji maganar yayanka. Gwiwarsa ce ta mutu, kansa na nan.”

Idi ya ce ya ji. Ya ci shinkafa da kifi tare da mu, ya ci sosai. Na kama ƙahon keken na ce zan kulle shi a ɗakin Mudi. Ya ce sai ya ari wani. Mutum ne mai gemu, ba a ɗaure shi. Na saki.

Lahadi

Ban hau tudun ba. Na bi hanyar daga ƙasa da sassafe, ina duba ta. Daga sama jar ƙasa ce mai tsakuwa, ruwa ya zaizaye ta. Sai ta faɗa lungu tsakanin katangu, wani wurin mutum biyu ba su giftawa. Sai matakala ta dutse bayan wani masallaci. Daga nan kwana mai kaifi zuwa hagu, da ramin siminti na ruwan sama buɗe a gefen. Nan na tsaya.

Mutane sun hau katangu. Mata sun kwashe tukwane daga ƙofar gida, an ɗaure awaki. Wasu sojoji biyu suna tsaye a inuwa suna kallo kamar kowa. Aka buga ƙarfe daga sama.

Ƙara na fara ji, ta sarƙa da tsakuwa. Na farko ya wuce ni tsaye bisa feda, diddigensa na hayaƙi. Na biyu ya goge katanga da kafaɗa ya wuce. Idi ne na uku. Babu bido. Ya tsallake matakalar da kyau, har mutane suka yi sowa. Da ya zo kwanar na ga kafaɗarsa ta faɗa hagu yadda na koya masa. Babu abin da zai ja shi baya. Keken ya kwanta, ya zame, shi kuma ya tafi da baya ya daki bakin simintin.

Na baya suka wuce ta kansa. Ba wanda ya tsaya, ban kuma ga laifinsu ba, ba su da abin tsayawa.

Na shiga ramin. Idonsa buɗe, babu jini sosai. Ya ce, “Yaya, ɗaga mini keken daga ƙafata.” Keken yana can gefe guda.

Likita

Mudi ya cire ƙyauren ɗakinsa muka ɗora shi, muka kai shi likita a ka. Suka yi masa allura, suka ɗauki hoto. Mai farar riga ya ja ni gefe ya ce ƙashin baya ne ya karye daga ƙasa. Ya ce ana iya kai shi Doso, ko Yamai, a gwada. Na ce, “Zai taka?” Ya ce Allah ne masani. Na ce, “Kai fa, me ka sani?” Ya girgiza kai.

Mun yi kwanaki a wurin. Ina kwana a baranda, Mudi na kawo kunu da safe, kopto, kwaɗon ganye, da rana. Abokan tserensa suka zo sau ɗaya, suka tsaya daga ƙofa. Alhaji mai jirage ya aiko da buhun shinkafa.

Na faɗa wa Idi abin da aka ce, ban rage ba. Ya ce, “Kada ka kai ni Yamai in ruɓe cikin baƙi. Kai ni wurin Inna.”

Komawa

Mai motar da ya kawo ni shi na sake samu a tasha. Ya dubi ƙyauren, ya sa aka sauke buhuna uku aka yi mana fili. Mudi ya ce mu tafi da ƙyauren, shi tabarma ta ishe shi. Keken na bar masa.

Daga Malgoru da muka bar kwalta, kowane rami sai Idi ya ciji rigarsa. Mai motar ya rage gudu har fasinja suka fara guna-guni. Ya ce wanda yake sauri ya sauka ya ruga. Wata tsohuwa ta riƙe kan Idi a cinyarta har Junju, ban san sunanta ba.

A shingen Yelu dogon jandarman nan ne. Aka sauke kowa. Ya leƙo bayan motar.

“Shi ne ƙanen?”

“Shi ne, Shef.”

Bai tambayi katinmu ba. Ya ɗaga igiyar shingen da kansa.

Daga Junju amalanke muka hau, an shimfiɗa kara a ƙasa. Rana ta yi sanyi muka shiga Zabori. Inna tana ƙofar gida tana tsince wake. Ta tashi ta zo. Idi ya ce, “Inna, ina wuni.” Ta amsa. Ta kama yatsan ƙafarsa ta matsa, tana kallon fuskarsa. Shi yana tambayar ta awaki. Ta ƙara matsawa. Sannan ta ja zane ta rufe ƙafar, ta ce mini, “Ɗakina za ku kai shi, ya fi iska.”

Na gode wa Allah da ya dawo da mu. Na gode wa Mudi, da mai mota, da tsohuwar nan, da ku da kuka kama mini ƙyauren muka shigar da shi. Mai son gaishe shi ya zo da hantsi, lokacin ya fi jin daɗin jikinsa. Wanda kuma yake da ɗa mai keke a Gaya, ya tashi ya tafi kafin Lahadi. Har yanzu suna gangarowa.