Karan da na tokare kek da shi

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar shiga harkar kek, kaina ya fi kwanon gashina girma. A waya na koya, na yi wa maƙwabta a Tambuwal guda biyar ko shida, shi ke nan na ɗauka babu kamata. Da bikin 'yar kawuna ya taso a Kebbe, ni na buɗe baki na ce kek mai hawa uku zan kawo. Ba a taɓa yanka kek a gidan ba, amarya kuwa ta gaya wa duk ƙawayenta.

Na gasa, na sa kowane hawa a kwalinsa, muka sha hanya. Sai da na baje kayana a ɗakin kakata bayan azahar na gane abin da na yi: sandunan robar da ake cusawa cikin kek su ɗauki nauyin na sama, na baro su a Tambuwal. In babu su, na ƙasa zai lotse kafin a gama ɗaukar hoto. Walima kuma bayan la'asar ce.

Ina ta zufa ina waige-waige, sai na hango wani karan dawa a bayan ƙofa, jingine da bango. Miƙaƙƙe, busasshe, an kankare shi tas, an ɗaura masa farin zare a kai. Har yaba wa kaina dabara na yi. Na yanyanka shi daidai kaurin kek, na wanke, na naɗe da leda, na cusa biyar a hawan ƙasa, huɗu a na tsakiya. Kek ya tsaya cak. Aka ɗauka aka kai rumfa, mata na ta guɗa.

Ina wanke hannu Kaka ta shigo. Ta leƙa bayan ƙofa, ta daɗe tana kallon wurin.

"Ke, ina karana?"

Na yi dariya na ce, "Kaka, kara kike nema a Kebbe? Gobe in cika miki ɗaki da shi."

Ba ta yi dariya ba. Mahaifiyata da ke bayanta ta dubi guntayen da suka rage a ƙasa, na ga fuskarta ta canza.

Mahaifiyata ta ce, "Wanga karan awonta na. Mi kiy yi da shi?"

Kun san in mutum ya rasu ana auna tsawonsa da kara a kai wa masu haƙa. Ashe ranar da kakana ya rasu, kabarin ya yi masa kaɗan, aka ajiye shi a rana ana ƙara haƙa. Tun daga nan Kaka ta sa aka auna ta da ranta, ta ajiye karan kusa da likkafaninta. Kowa a gidan ya sani, sai ni baƙuwa mai wayo.

Daga bakin ƙofa ina hango kek ɗin, fari fat, yara sun kewaye shi. In na zare karan, ya rushe a gaban jama'a. In na bari, mutane za su ci abin da ke tsaye a kan awon kabarin kakata. Na fara kuka.

Kaka ta ce, "Bar shi nan, kar ki ɓata ma yarinya rana. Amma ke kib ɓata, ke za ki gyara. Tafi danga ki zaro wani."

Na zaro. Ta sa aka rufe ƙofa, ta kwanta a tabarma kan gefenta na dama, ta fuskanci gabas, ta miƙe ƙafafu, ta rufe ido. A waje ana kiran sunan amarya ana tafi, ni kuwa ina durƙushe da kara, ina auna kakata daga kai zuwa diddige. Ta yi shiru har na daina ganin numfashinta. Na kira ta sau biyu.

Sai ta buɗe ido ɗaya. "Ƙara yatsa biyu. Ban son matsi."

Na ƙara, na yanke.

Kek bai ko karkace ba har aka cinye shi. Ana ta sa mini albarka, ni ko ɗanɗanawa ban iya ba. Da aka watse na tsince guntayen karan na wanke na kai mata, ta ƙulle su a tsumma.

Kaka ta ƙara shekara guda da 'yan watanni. Ranar da ta rasu ina Tambuwal, kafin in iso an kai ta. Na tarar da kawuna a zaure, ƙafarsa duk ƙasa. Ban tambaye shi komai ba, shi ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ya yi daidai."

Na daɗe ina jin tsoron wannan ranar ta biki. Yanzu kuma ba tsoro kaɗai nake ji ba. Duk abin da na taɓa yi wa Kaka a duniya, aike ne da ɗan tsaraba. Abu ɗaya ta taɓa nema a hannuna da gaske, kuma na gode wa Allah ban gajarta mata ba.