Tawul na Biyar

Ranar Laraba ce. Ƙarfe shida da rabi na ji ɗana, Auta, yana fama da babur a tsakar gida, bai tashi ba sai a bugu na huɗu. Ƙarfe bakwai ya shigo falo gaishe ni, idonsa a kan sumata. Wata tara ke nan aska ba ta hau kaina ba, shi kuwa aski ne sana'arsa. Ya tambaya ko ya sayo min abin ɗaure gashi a hanya. Mahaifiyarsa ta yi dariya daga kicin, ni ban yi ba.

Ga asalin sumar. An yi ƙuri'ar raba gardama a kan sabon kundin tsarin mulki, 'yan Ee suka ci da rata kaɗan. Ni ɗan A'a ne. Shekara talatin ina koyar da tarihi, sai na kasa yarda cewa ƙasa guda za ta ji hujjata ta ƙi bi. Mu biyar muka rantse ba mu ba aski sai an soke sakamakon: ni, ƙanena, Hedimasta, Mai Kemis da Tsohon Direba. Kotu ta kori ƙarar, muka ce an saye kotun. Auta Ee ya zaɓa, kuma bai ɓoye ba. Na daina cin abinci tare da shi.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da kujera mai juyawa, da madubi mai tsaga a kusurwa, da dogon benci. A bencin 'yan Ee ke yini, in ɗayanmu ya gifta su ce ga Majalisar Gashi za ta zama. Auta bai taɓa yin gardama da mu ba. Ƙusa biyar ya kafa a bango, ya rataye sabon tawul a kowace. Sannan ya rubuta doka a kwali: wanda ke kan kujera shi ke da magana, na benci ya yi shiru har a gama. Ya gaya wa mahaifiyarsa ya lura ba faɗuwar ce ta fi ci mana rai ba, a'a, shi ne tun ranar babu wanda ya bar mu muka kai ƙarshen jimla.

Tsohon Direba ne ya fara zama a kujerar, wai ƙaiƙayi ya dame shi. Ya yi minti arba'in yana zazzaga magana, bencin ya haɗiye. Mai Kemis ya bi, sai Hedimasta. Duk wanda aka aske, Auta ya ba shi tawul ɗinsa ya tafi da shi.

Ƙarfe goma na wannan Larabar na zauna rubuta wa jarida wasiƙa ta goma sha biyu. Ba su buga ko ɗaya ba. Ƙarfe ɗaya ƙanena ya shigo, kansa na sheƙi. Na kira shi maci amana. Ya shafa ƙeya, ya ce har yanzu shi ɗan A'a ne, iska kawai ta ƙaru. Ya kuma ce tawul ɗaya ya rage, yaron nan yana wanke shi duk mako ko da ba a taɓa shi ba.

Ƙarfe uku biro ya ƙare min. Akwai wani a aljihun tebur, amma na sa takalmi na fita saye. Ƙarfe huɗu na tsinci kaina a ƙofar shagon. Wani mai gyaran waya, babban ɗan Ee, ya buɗe baki, Auta ya nuna masa kwalin da tsinin almakashi. Ya sauko da tawul ɗin, ya kaɗe kujerar.

“Bismillah, Baba. Magana taka ce.”

Na fara daga sashe na farko na kundin. Na bi ta kan yadda aka tsara tambayar, da yadda aka gaggauta ranar ƙuri'ar, da abin da nake tsoron zai faru bayan shekara ashirin. Gashi na zuba a cinyata, fari ya fi yawa. Mutum bakwai a benci, babu wanda ya yi ko tari. Can na duba madubi na ga kaina fes. Ashe Auta ya daɗe da gamawa. Almakashin kawai yake kaɗawa a iska bayan kunnena, don kada dokar ta ƙare kafin ni.

Awa ɗaya da minti goma na yi. Da na tsaya ya ce, “Akwai saura?”

Na ce babu.

Mai gyaran waya ya ce a kan maganar gaggauta ranar, gaskiyata ce, sauran kuwa sai ranar askinsa zan ji amsa. Auta ya ɗaga tawul ɗin sama kamar wanda ya ci kofi, bencin ya ɗauki tafi. Ƙarfe shida ya goyo ni a babur. Ƙarfe bakwai muka ci abinci a kwano ɗaya, mahaifiyarsa tana ta leƙowa.

Washegari da safe, a hanyarsa ta sayo reza, mota ta buge shi. Shekararsa ashirin da tara. A wajen gaisuwa na ga 'yan Ee da 'yan A'a a jere, ban iya rarrabe su ta kai ba.

Har yau ina ganin A'a ce daidai. Wasiƙar dai ban aika ba.

Tufafinsa an raba wa 'yan uwa. Babur ɗin bai gyaru ba. Injinan aski da madubin mun bar wa abokinsa da suka koyi sana'ar tare, shi ke riƙe da shagon yanzu, da sharaɗin kada a cire kwalin. Mahaifiyarsa ta ɗauki almakashin. Tawul na biyar yana wurina. Duk mako biyu nakan tafi da shi, in zauna a benci in saurari na kan kujera, har layi ya zo kaina.