Takubba Biyu a Kan Tabarmar Gwanjo

Shekara talatin da biyar ke nan da muka kai Yaya Sabo makwancinsa, a maƙabartar da ke bayan babban kanal. Allah Ya jiƙansa. Mutane suna tuna shi da dillancin tsofaffin kaya a kasuwar Kurmi. Ni kuwa ina tuna shi da ranar da na fi jin tsoro a rayuwata, kuma rabin tsoron nan nasa ne. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

Tun zamanin kakanni gidanmu ke riƙon takobin dagacin garinmu, wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ba miƙaƙƙe ba ne irin namu na Hausa. Lanƙwasasshe ne, irin na sojan doki na Turawa, kaifinsa gefe ɗaya, da makarin hannu na tagulla. Ba a fito da shi sai ranar naɗin sabon dagaci. Aikinmu shi ne mu goge shi da man shanu duk Sallah, mu mayar cikin kube. Da mahaifinmu ya rasu Yaya yana birni, sai riƙon ya faɗo kaina.

A tsakiyar shekarun tamanin, bayan ruwan kanal ya zauna mana, baƙi suka yawaita. Wasu tumatir da shinkafa suke nema, wasu kuma bin gidaje suke suna tambayar tsofaffin sirada da takubba. A lokacin ne Ɗanlami, babban ɗan dagaci, ya kai kaya Kano, ya leƙa wani gida da za a yi gwanjon kayan wani attajiri da ya rasu. Can ya ga takobi sak irin na gidansu. Ya dawo da azahar. Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci: wai na sayar da na gaske, na sa jabu a kube.

Zamanin soja ne, ana kulle mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Na yi sallama a masallaci, aka amsa mini ciki-ciki. Ranar da layin ban-ruwa ya zo kaina, maƙwabcina ya ƙi buɗe wa gonata ruwan kanal, ya ce ɓarawo ba shi da rabo. Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Haka ne, amma ba ta hana shi ƙugi. Dagaci ya yanke cewa Ɗanlami zai sayo na gwanjon ko nawa ya kai, sannan a miƙa ni ga 'yan sanda. Alfarma ɗaya aka yi mini: a fara kiran Sabo ya duba.

Da Yaya ya iso, na tare shi a zaure.

"Yaya, kai dai ka san halina."

"Halinka na sani, Idi. Takobin ne ban gani ba tukuna. In na can ne na gaske, a gaban kowa zan faɗa, ko kana tsaye."

Na ce to ya duba wanda ke ɗakina. Ya ƙi. Ya ce rabonsa da riƙe shi tun yana saurayi, kuma ido yana bin son zuciya, ba zai kalli ɗaya ba sai ɗayan yana kusa. Na san ban sayar ba. Amma wa zai rantse mini cewa ba a musanya shi ba tun kafin ya zo hannuna?

Safiyar gwanjo muka tafi Kano da takobin. Ana barin masu saye su duba kaya kafin a kaɗa ƙararrawa. Ɗanlami ya kwance namu daga cikin zane, aka jera su a tabarma. Na gwanjon ya sha tsatsa, kana gani ka ce ya ga yaƙi. Namu kuwa yana sheƙi. Na ji wani a bayana yana cewa, "Ai wannan jiya aka ƙera shi." Man shanun da muka yi ta shafawa ya zama shaida a kaina.

Yaya ya durƙusa. Da farko ya ɗora kowanne a kan yatsa, ya ga inda nauyinsa ya tsaya. Na biyu ya duba hatimin da ke gindin ruwan takobin. Duka biyun suna da shi. Na uku ya ƙwanƙwasa da farce ya kasa kunne, sannan ya ce ƙarfen sifirin ɗin mota ma yana amo in ya samu maƙeri. Na huɗu ya bi kwarmin da ke tsakiyar ruwan da ɗan yatsa, daga gindi har tsini. Kowane mataki ya wuce ba tare da ya raba su ba, ni kuma ina kallon ƙofa, inda wani ɗan sanda ke tsaye yana cin goro.

Sai ya zaro tsinke daga hularsa, ya soka ƙarƙashin makarin hannu, inda ƙarfe ya shige ƙota. Daga namu ya fito da baƙar dauɗa mai maiƙo. Daga na gwanjon ya fito da busasshiyar ƙasa mai farin gishiri-gishiri. Ya jiƙa ta da yawu a tafin hannu, ya shinshina.

Mai gwanjo ya ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba, daina lashe mini kaya."

Yaya bai kula shi ba. Ya miƙa wa Ɗanlami hannun. "Kai manomi ne. Warin mene ne wannan?"

Ɗanlami ya shinshina, ya sake shinshinawa. "Lakar gonar shinkafa ce. Da takin zamani."

"Kakanka da takin zamani ya je yaƙi?"

Shi ke nan. Wani ya ga takobin ranar naɗi, ya ƙera kwatankwacinsa, ya binne a fangalin shinkafa da taki har kaka, don tsatsa ta ci. Ya wanke waje, ya manta lungu. Yaya ya nuna mana cewa tsatsar shekaru baƙa ce, a manne take, ta wata uku kuwa ja ce, tana ɓarewa. Kama da wane ba ta wane. Ɗanlami ya naɗe takobinsu da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Ka yafe mana, Malam Idi." A mota na fara yi wa Yaya godiya, ya ce, "Ba ni za ka gode wa ba. Gode wa wanda ya yi ƙyuyar wanke laka."

Yanzu jikana yakan nuna mini takubba a waya, ana gwanjonsu daga nesa, mutum ya biya bai taɓa ba. Cinikin biri a sama ke nan. Da Yaya yana nan, na san tambayar da zai fara yi: ta ina ake shinshinawa? Masu jabu ma sun ƙware, an ce sun daina barin laka. Ga mai niyyar saye, abin da na koya ke nan: ka riƙe da hannunka, kada tsatsa ta burge ka, ka leƙa inda mai wanki ba ya kaiwa.

Amma ba wannan ke hana ni sakewa ba. Na tsufa, bana zan miƙa wa ɗana riƙon takobin. Ranar nan ba laka kaɗai ta cece ni ba. Da Yaya mai kare ɗan'uwa ne, da Ɗanlami bai ko kai hancinsa tafin hannun nan ba. Ya shinshina ne don duk garin ya san Sabo zai iya miƙa ƙaninsa ga 'yan sanda ya koma ya ci tuwonsa. Na duba cikin zuriyarmu, na ga masu kirki da yawa, kowanne zai rantse a kan ɗana tun kafin a tambaye shi. Ban ga ko ɗaya da ɗana zai ji tsoronsa kamar yadda na ji tsoron Yaya a zauren nan ba. In zargi ya sake tasowa, wa za a kira?