Mabuɗin Marjorie

Kofi na kwarar a wandona, daidai inda ba a son tambaya, shi ya sa nake zaune a harabar kamfaninmu a Seattle ina jiran ya bushe.

Ga wata mata gefena, ban taɓa ganinta ba. Furfura ta cinye rabin kanta, tabarau a goshi, kwali a cinya, ciki da ƙaramin tulun fure da silifas na zaman ofis. Wanda ya ajiye silifas a ofis bai yi shirin tafiya ba. Da safen nan aka sallame ta.

Wani manaja mai tumbi ya durƙusa gabanta da kwamfuta, yana gumi.

"Marjorie, don Allah, kwantenar da manhajar ke gudana a ciki ta ƙi tashi. Da ta yunƙura sai ta faɗi."

Ko allon ba ta kallo. Tana cire busasshen ganye daga furen, ɗaya bayan ɗaya.

"Mabuɗin sirrin da ke cikin saitinta na asusuna na aiki ne, Doug. Shekara shida ina rubuto muku ku canza. Kun rufe asusuna ƙarfe tara, me kuke so ta yi?"

Bakina bai iya zama lafiya ba. Na ce, "Baiwar Allah, ashe na'ura ta fi mutane amana, har yajin aiki take yi miki!"

Ta sauke tabarau, ta karanta katin da ke wuyana.

"Bene na bakwai? Rage dariyar, malam. Na ga jerin sunayen waɗanda za a sallama. Naku ranar Juma'a ne."