Takarduna a wurin mai ƙosai

Shekarun baya, ina digiri na biyu a fannin sinadarai a nan Minna, na kusa rasa aikin wata tara saboda son tsafta.

Malamina farfesa ne da ya ƙarar da rayuwarsa kan sinadaran da ake haɗa ƙarfe da kabon a cikinsu. Abubuwa ne masu tsirfa, iska kaɗan ta shige su sai su lalace. Aikina shi ne in fitar da wani ƙyalli ruwan ɗorawa mai kama da gishiri, amma kullum sai in samu baƙin taɓo a gindin kwalba. Ran nan kwatsam ya fito. Na yi ta tsalle ni kaɗai a ɗakin gwaji.

Da na kai masa, ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ce, "Ya yi kyau. Sake yi."

Na sake har sau bakwai, ina bin littafina layi-layi, taɓon dai nake samu. Ga shi saura wata guda a rufe karɓar aiki, kuma ya gaya mini ba zai sa hannu a kan abin da ya faru sau ɗaya ba.

To ni ina da wata ɗabi'a tun firamare, ba na son a ga rubutuna da gogewa. A ɗakin gwaji sai in yi ta zane-zane a fallayen takarda, in na koma gida in kwafe a littafi mai kyau, in tsallake abin da nake ganin shirme ne. Da malamina ya ji haka ya ce in kawo fallayen, na koma gida na tarar mahaifiyata ta tattara su ta ba maƙwabciyarmu mai ƙosai a Barkin Sale.

"Ai na ga kin gama da su," in ji ta. "Ko so kike ɓeraye su yi digirin?"

Washegari na je na faɗa masa, ina jiran ya kore ni. Sai ya ɗauki makullin mota ya ce, "Mu je."

Har yau ina ganin hoton nan. Mutumin da ake karanta bincikensa a ƙasashen waje, ga shi zaune kan bencin mai ƙosai, ya naɗe hannun riga yana bin takardu ɗai-ɗai. Matar ta tsaya da matsami a hannu tana kallonsa.

"Oga, wannan takarda, kuɗi ne yana ciki?"

"Ya fi kuɗi, Mama," ya ce. "Nawa kika riga kika naɗe?"

"Tun jiya ina naɗewa fa."

Mun kusa awa guda muna nema, sai ya ɗago wani falle da mai ya taɓa gefensa, ya karanta a fili: "An ɗauke wuta. Na bar kwalbar a cikin tukunyar mai ta huce da kanta. Na tafi salla."

Kunya ce ta hana ni kwafe wannan layin, don kada ya ce na bar aiki na yi tafiyata. Ashe nan sirrin yake. Sauran ranaku da ruwan sanyi nake hucar da haɗin cikin gaggawa, shi kuwa sannu a hankali yake so. A makon nan ƙyallin ya fito sau uku a jere, ya sa mini hannu.

Yanzu ɗalibansa sun bazu a jami'o'i da dama, ni ma ina koyarwa, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa za ka ga littafinsa da gogewa da tabo. Ba na tuna shi ban yi masa addu'a ba, Allah ya saka masa da alheri.

Ranar da aka yi masa walimar ritaya na samu zarafi na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: me ya sa bai aike ni ni kaɗai ba?

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, da ke kaɗai kika je, da kin ga fallen nan kin bar wa Mama ta naɗe ƙosai."