Mai Jan Ciki ta Mile 2 Diobu

In ka je Mile 2 Diobu a Fatakwal ka ce kana neman Jabir mahauci, za a tsaya tambayarka wanne, don mahauta suna da yawa. Amma ka ce Jabir mai Bi-em, tun kafin ka rufe baki wani zai ce, "Wannan mahaukacin?" To, shi ɗin dai nake nufi.

A Inugu aka haife shi, bayan kasuwar Ogbete, inda mahaifinsu Malam Manu ya ƙare rayuwarsa yana sauke awaki daga arewa. Ya tashi da Hausa a gida, Ibo a waje, Turancin buroka kuwa in zai yi zagi. Da uban ya rasu, yayansa Usaini ya kwaso shi da mahaifiyarsu Inna Tabawa ya dawo da su Fatakwal, ya tsayar da shi a teburinsa na nama. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma wallahi sai ka rantse ba su haɗa komai ba. Usaini mutum ne mai sanyi, ko tsawa ya yi sai ka ɗauka gaisuwa ce. Jabir kuwa zuciyarsa a kusa take, hannunsa ya fi bakinsa sauri, ga shi Allah ya ba shi ƙirji da damtse na mai sassara ƙashin sa tun yana saurayi.

Abu ɗaya ne a duniya yake tausasa masa murya, shi ne mota. Wata ƙaramar BMW ce baƙa mai ƙofa huɗu, tsohuwar yayi, ya tarar da ita a bayan wani gareji an ɗora ta kan duwatsu, ɓeraye sun cinye kujerun. Kowa ya ce gawa ya saya. Shi kuwa duk ranar da ba a yanka sai ya hau motar Anacha, ya sauka Upper Iweka, ya kutsa cikin cunkoson manyan motoci da ihun 'yan lodi har kasuwar kayan gyara, ya yini yana tonon tulin ƙarafa yana ciniki da Ibo tsantsa har masu shagon su riƙa leƙen fuskarsa. Da hannunsa ya ɗaura komai. Ya sauya filogi da lagireto, ya sa mata faffaɗan wili, ya ɗaura salansar da in ya taka totur sai kajin unguwa su watse. Baƙin mai kuwa ba ya jira ya yi baƙi, zai zaro sandar awo ya murza man a yatsa ya sunsuna, in bai yi masa ba a juye. Mahauci ne, amma nama bai taɓa shiga motar nan ba ko a but. Kafin ya taɓa sitiyari sai ya wanke hannu da omo da lemon tsami, in ka ga yadda yake goge ta da safe sai ka ce jaririya ake wa wanka.

Gyaran ƙarshe shi ne ya jawo magana. Ya kwance sifirin ɗinta na asali guda huɗu, murɗaɗɗun ƙarafan nan da ke ɗaga jikin mota daga kan tayoyi, ya sa gajeru, motar ta yi ƙasa har gwangwanin madara ba zai wuce ƙarƙashinta a tsaye ba. Ta yi kyau kam, ba na ƙarya, ta kwanta a ƙasa tana sheƙi. Amma a Diobu? Titin da rami ya fi kwalta yawa, ga tuddan siminti da mutanen unguwa ke ginawa don rage gudu, kowa da irin tsayin da ya ga dama? Duk tudun da ya tarar sai ya tsaya cak, ya sauke wanda ya ɗauko, ya hau a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, yana cije leɓe. Wanda ke bakin makarantar firamare ya fi kowanne mugunta, nan ne masu keke napep ke taruwa a bayansa suna hon suna dariya. Su suka raɗa mata Mai Jan Ciki.

Ranar da ya yi wannan aiki, Usaini yana tsaye a kansa.

"Jabir, ɗaga motar nan ka mayar da ita yadda take. Ran da gaggawa ta same ka a titin nan, yaya za ka yi da tudun makaranta?"

"Haba Yaya, kai me ka sani a mota? Yanzu ne ta kama ƙasa."

Ya ɗebi tsofaffin sifirin ya watsa su bakin kwalbati. Usaini ya juya ya tafi salla.

Da a gyara kawai abin ya tsaya, da sauƙi. Matsalar ita ce motar nan ta zame wa Jabir dalilin duka. Wani mai keke ya goge mata fenti a kwana, Jabir ya finciko shi ta gefe ya haɗa fuskarsa da ƙarfen kekensa, haƙora biyu a ƙasa. Wani direban tifa ya fallatsa mata taɓo, ya bi shi har Mile 3 ya fasa masa gilas da dutse. Kuma duk ɓarnar da ya yi, Usaini ne mai ɗinki. Da yamma za ka gan shi ya naɗe cinyar akuya a takarda, ya saɓa a hammata, ya nufi gidan wanda aka daka, ya durƙusa ya ba da haƙuri da buroka mai laushi. Yakan ce wa ƙanen, "Mu baƙi ne a garin nan ko shekara nawa muka yi. Kai ka yi dukan, mu duka za a nema." Jabir ya yi kunnen uwar shegu. Kaico! Ni dai na tsani taurin kai irin wannan, wanda wani ke ɗaukar nauyinsa.

Wata Laraba da rana ya fito daga kwata ya tarar da wani dogon agbero, cikin 'yan tashan da ke karɓar haraji a hannun masu keke, zaune a kan bonet yana cin gasasshiyar masara. Bonet ɗin ya lotsa a ƙarƙashinsa. Jabir ya ce ya sauka. Mutumin ya tofar da ƙwayar masara ya ce, "Aboki, na motor I sidon, no be your papa head." Wato mota ya hau, ba kan ubansa ba.

Ai ko rufe baki bai yi ba. Jabir ya buɗe but ya zaro sifanar kwance taya, ya sauke masa a gwiwar hannu, ƙashin ya ce ƙas har masu tumatir suka ji. Mutumin ya faɗo, Jabir ya bi shi da ƙafa, ciki, haƙarƙari, baki, ya yi masa jina-jina. Sai da mahauta uku suka rirriƙe shi. Yana huci ya koma yana shafa lotsawar bonet, ko kallon wanda ke kwance bai yi ba.

Da yamma Usaini ya naɗe cinya ya tafi tasha. Wannan karon ba su karɓa ba. Suka jefa naman cikin kwalbati a gabansa, ɗaya ya ɗora masa yatsa a goshi ya tura. Ya dawo gida ya ce wa Jabir ya hau mota ya tafi Inugu wajen dangi har ƙura ta lafa. Jabir ya ce shi ba inda za shi, kuma titin Inugu zai kashe masa mota.

Washegari an kwana ana ruwa, gari ya waye titi duk taɓo. Suna cikin rataye nama suka ji ihu daga bakin layi. Matasa ne sun fi goma, da adduna da fasassun kwalabe, suna kifar da tebura suna tambayar ina mai baƙar mota. Mata suka zubar da kaya suka ruga, masu keke suka juya suka bar layin fayau. Jabir ya fizgi barho a kan tebur, idonsa ya rufe. Usaini ya damƙe masa wuyan hannu da hannu biyu, ya sha gabansa, ya juya yana ce musu su tsaya a yi magana. Addar da aka kawo wa Jabir ita ta sauka a cinyarsa, can sama kusa da matsematsi. Ya durƙushe. Jini ya yi tsartuwa har kan naman da ke rataye. Da maharan suka ga haka, kuma ga mahauta sun fito da gatura, sai suka watse ta lunguna.

Jabir ya san jini, sana'arsa ce. Kallo ɗaya ya yi ya gane babbar jijiya ce, kuma in ba a kai asibiti yanzu-yanzu ba Yaya ya tafi. Ya yage rigarsa ya ɗaure cinyar tamau. Babu keke, babu tasi, babu komai a layin sai Mai Jan Ciki. Ya sungumi Usaini ya shimfiɗa a kujerar baya, kujerar da ko ɗigon romo bai taɓa bari ya taɓa ba. Shafi'u, wani ƙaton mahauci maƙwabcin teburinsu, ya faɗa ciki ya danne raunin da gwiwa. Da nauyinsu ya hau, motar ta ƙara yin ƙasa.

Ya fizge ta, salansa na kururuwa, taɓo na tashi. Ramukan farko ya kauce musu da gwaninta, don tuƙi kam ya iya. Sai ga tudun makaranta a gaba. Ya san shi sarai. Ya san sai an tsaya, an sauke mutane, an hau a karkace. Ƙafarsa ta tafi kan birki da kanta. Daga kujerar baya Shafi'u ya kwarma ihu, "Jabir taka! Idonsa na juyewa!"

Ya ɗauke ƙafa daga birki ya taka totur.

Ƙarar da ta tashi har cikin haƙoransa ya ji ta. Cikin motar ya daki siminti, kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji ya tsage, kan Shafi'u ya bugi rufi. Sun haye, amma a madubi yana ganin baƙin layi yana bin su a kan titi. Jar fitilar baƙin mai ta kama a gaban sitiyari. Ya ci gaba da takawa yana roƙonta, wallahi roƙonta yake da baki, "Daure, daure mini, saura kaɗan." Injin ya fara ƙwanƙwasa, ya yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya buga. Ta tsaya a tsakiyar titi tana hayaƙi.

Ya goya Usaini a baya ya kama gudu cikin ruwan taɓo, Shafi'u na biye yana riƙe da ƙafar. Motoci suna ganin mutum ba riga jini har gwiwa sai su ƙara wuta. Yana jin ɗumin jinin na bin bayansa, yana jin numfashin Yaya a kunnensa yana raguwa. Usaini ya ce a hankali, "Kada ka koma musu. Ka ji ko, Jabir?"

"Na ji, Yaya. Yi shiru, ga asibitin can."

Da suka shiga ƙofa hannuwan da ke wuyansa sun riga sun saki. Likita ya duba, ya ja mayafi. Jabir ya riƙe masa riga ya ce ya gaya masa gaskiya, da motar ta kawo su da ya rayu? Likitan ya zame rigarsa a hankali ya wuce.

Bayan an dawo daga maƙabarta samarin kwata suka same shi da wuƙaƙe a ƙugu, suka ce shi suke jira ya shige gaba. Jabir da kowa ya sani, wanda ya zubar da haƙoran mutum saboda fenti, ya ce su koma gida. Suka zage shi, wani ya ce masa matsoraci a gaban jama'a. Ko ɗaga kai bai yi ba. Inna Tabawa kuwa ba ta zage shi ba, ba ta kuma yi masa maganar ba har yau, kuma wannan shirun ya fi masa duka ciwo.

Aka jawo motar aka ajiye a ƙofar gida. Ana cikin haka Rahinatu, matar marigayin, tana takaba tana gyara ɗaki, ta jawo wani buhu mai nauyi daga ƙarƙashin gado. Ta kira Jabir ta bayan labule ta ce, "Ga wasu ƙarafa nan na yayanka, ban san na mene ne ba." Ya kwance bakin buhun. Sifirin ne guda huɗu, waɗanda ya watsar a bakin kwalbati. An wanke su, an shafe su da mai don kada su yi tsatsa, an naɗe kowanne a takardar nama.

Nan ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Da ya gama ya ɗauko jak, ya ɗaga motar, ya kwance gajerun ya mayar da na asali, ɗaya bayan ɗaya, bai bar kowa ya taya shi ba.

Yau shi ke riƙe da teburin Usaini da 'ya'yan Usaini, a ƙafa yake zuwa kwata ya dawo. Motar tana nan a ƙofar gida, ta tashi sama, har kaji na fakewa a ƙarƙashinta in ana ruwa. Injin bai taɓa shi ba, kujerar baya bai wanke ba, masu son saye sun gaji sun daina zuwa. Kwanaki wani baƙon makanike ya tsaya yana zagaya ta, ya ce masa, "Malam, motar da ba ta tafiya, me ya sa ka wahalar da kanka ka ɗaga ta?"

Jabir ya ci gaba da goge gilas ɗin, ya ce, "Yaya ne ya ce a ɗaga."