Boksin Baba da Ruwan Tur'a

A ƙauyenmu, can kusa da Makwar, idan jaki ya sha rana har ya fara haki, ba a wani dogon tunani. Jan sa ake yi bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, a kwara masa ruwa. Da wannan ilimin yayana ya tashi, da shi kuma ya kashe injin boksin Baba.

Boksin tsohuwar a-kori-kura ce. Da ita Baba ya yi ta jigilar albasa da dawa da mutane zuwa kasuwar Madani, har ciwon suga ya cinye masa ido ya miƙa wa Yaya makulli. Kunne ne ya rage masa. Kullum da la'asar sai ya sa in shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Tun motar tana kan gada zai ɗaga kai ya ce, "Ga ta nan." Sai ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya jira ta iso ya dafa murfin injin. In ban da salla, wannan kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki.

Ranar da abin ya faru, Yaya ya ɗauko kaya fiye da ƙima, rana kuma tana dukan ƙasa. Inji ya ɗau zafi. Bawan Allah ya tsaya bakin tur'a, ya buɗe murfi, ya kamfato ruwa cike da bokiti ya sheƙa masa. Shi da bakinsa ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas! Tarakta ce ta jawo su gida.

"Yaya, jaki ce?" na ce da shi. "Don Allah gaya mini, jaki ce?"

"Ke, rufe mini baki, mi kika sani a mota?"

Ban san kome ba, amma ni ban taɓa yi wa ƙarfe mai zafi wanka ba.

Washegari aka ɗauko makanike daga Sinnar. Na kai musu shayi na ƙi tafiya. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya nuna mana: man ya koma kalar shayi da madara. Ya cika lagireto da ruwa, aka tura motar ta tashi da ƙyar, sai ga ruwan yana ɓulɓulowa, salansa tana aman farin hayaƙi. Ya ce mu yi addu'a ya zama gaskit ne kawai, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone. Da ya kwance kan injin ya goge da tsumma, sai ya kira Yaya ya ɗora masa yatsa a kan wata siririyar tsaga a jikin injin kansa.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a kai a yi walda, ta yi tafiya, amma shi ba zai rantse za ta ga damina ba. Ko a cire injin gaba ɗaya a sa wani na hannu da yake da shi, mai shan jaz, irin man tarakta.

Kwanakin da suka biyo baya ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗora tukunya in manta da ita, in fita ƙofar gida in kalli motar baki buɗe, in dawo. Albasa na jibge a gona tana jiran ruɓa. Ranar ganin likitan Baba a Madani tana matsowa. Yaya ya kafe a kan walda, wai injin Baba ne, ba za a ce a hannunsa ya mutu ba. Ni kuwa na ce kunyarsa yake son a liƙe, ba inji ba. Idan waldar ta buɗe a tsakiyar hanya da tsoho a ciki, rana tsaka, wa zai ɗauke shi? Muka yi ta yi har Inna ta ce mun ishe ta.

Duk da haka da la'asar Baba sai ya ce a shimfiɗa tabarma. Motar tana gabansa a mace, shi kuma yana zaune ya karkata kunne wajen gada. Abin yana ci mini rai, wallahi. Na durƙusa na faɗa masa yadda ake ciki, na ce ya raba mu.

"Taku ce yanzu," ya ce. "Ku dai ta dawo."

Ni na yi nasara. Har gobe ban ce na yi kuskure ba, don injin nan bai taɓa ajiye mu a hanya ba. Aka ja ta zuwa Sinnar, ta yi kwanaki a can.

Ranar da za ta dawo na yi shara, na yayyafa ruwa a ƙofar gida, na fito da Baba tun kafin la'asar ta yi sanyi. Na hango ƙurarta a kan gada. Na dubi Baba, ina jira. Bai ɗaga kai ba. Ta gangaro tana ƙwal-ƙwal-ƙwal da sabuwar murya mai kauri, maƙwabta suna fitowa suna barka, Yaya yana ta washe baki, har ya tsaya daf da tabarmar. Baba bai taɓa sandarsa ba. Ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Ke, ce wa mai taraktan nan ya matsa gaba. Ya tare mata wuri, yanzu za ta iso."

Yaya ya kashe injin.

"Baba," na ce, "ai ita ce."

Sai ya miƙo mini hannu in tashe shi.

"To, madalla," ya ce. "Naɗe tabarmar."